Malam Bita da Ɗakin Ƙarƙashin Bene

A kwalejin nan, in ka ce Malam Bita, har masu gadi za su nuna maka ƙofarsa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, sababbin malamai ma sun ɗauka haka aka raɗa masa. Dogo ne siriri, yana ɗan rankwafawa in yana tafiya, kullum da tarin mukullai suna ƙara a aljihunsa.

Ba da aikin shirya bita ya fara ba. Malamin lantarki aka ɗauke shi, kuma waɗanda suka zauna ajinsa har yau suna ba da labari. Ba ya son dogon surutu a gaban allo. Sai ya zube wayoyi da ƙwan fitila a kan tebur ya ce, "Ku haɗa, in ya ƙone ni zan amsa tambaya." Ranar da fitilar ɗalibi ta kama, ya fi ɗalibin murna.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama, kowace kwaleji ta buɗe ofishin horar da malamai da ma'aikata. Shugaban kwalejin na lokacin ya kira shi.

"Kai ne ka iya sarrafa lasifika da na'urar haska rubutu," in ji shi. "Riƙe mana ofishin na zango ɗaya, kafin mu samo wanda ya dace."

"Ranka ya daɗe, ajina fa?"

"Aji ba ya gudu, Malam."

Aka ba shi wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin bene. Tagarsa guda, ita ma bangon ɗakin karatu take kallo. Rufin a karkace yake, in ya miƙe da sauri sai ya buge kai. Duk wanda ya hau sama, a bisa kansa takun yake sauka. Rabin ɗakin kuwa kujerun roba ne a jibge.

Abin da ya cuce shi, ya iya aikin. Ya shirya bitar koyarwa, ya shirya ta kwamfuta ga akawu da masu buga takardu, har direbobi da masu shara sai da ya nemo musu mai koya musu taimakon gaggawa. Malamin da zai tafi ƙaro karatu, ta hannunsa zai bi. Shi ne mai bin ofis-ofis har a sa hannu, shi ne mai kiran mutum a waya ya ce, "Albishirinka, an sake ka." Zango ɗaya ya zama shekara, shugaban da ya sa shi ya sauka, wani ya hau, ya tarar da ofis yana tafiya lafiya, bai ga dalilin taɓawa ba.

Daga baya aka sauya ƙa'ida: wanda ba shi da digiri na biyu ba zai koyar da manyan azuzuwa ba, ba zai sami ƙarin girma ba. Malam Bita ya je wurin magatakarda ya ce a mayar da shi aji.

"Da wace takarda?" in ji magatakarda. "Sai ka ƙaro karatu."

"To a sake ni in tafi."

"Wa zai riƙe ofishin?"

"A nemo wani."

"Haba Malam, kai ma ka sani. Aikin ofishinka ba a lissafa shi wajen ƙarin girma. Wa zai yarda?"

Ya fito yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya gwada karatun ƙarshen mako a wata jami'a da ke kusa. To amma bita ita ma ƙarshen mako ake yinta, don kada a taɓa darussa. Ya yi ta haɗa gudu biyu, har makon jarrabawa ya zo daidai da zuwan masu duba kwaleji. Shugaba ya ce ko ƙofar gari kada ya leƙa. Ya rasa jarrabawar, bai koma ba.

Matarsa, wadda take ɗinki a gida, ita ce mai faɗa masa gaskiya. "Abban 'yan biyu, kai fa ka zama tashar mota," ta kan ce. "Kowa ya zo ya hau ya wuce, kai kana nan." Sai ya ce mata komai lokaci ne, ya ɗauki rediyon maƙwabta da aka kawo gyara ya duƙufa a kai har ta gaji ta yi shiru.

Furfura ta fara fito masa lokacin da wata tsohuwar ɗalibarsa ta dawo da digiri na uku, aka naɗa ta mataimakiyar shugaba. Kowa Dakta yake ce mata, amma ita ba ta iya zama in yana tsaye. Ta sauko har ɗakinsa, ta dubi kujerun, ta dubi rufin.

"Malam, wallahi wannan abin kunya ne gare mu. Zan fitar da kai."

Ta kuma cika alkawari. Ta shawo kan kwamiti, aka zaɓi wani malamin lissafi, sabon aure, aka ce ya zauna da Malam Bita ya koyi aikin. In Malam ya tabbatar zai iya, sai a sake shi ya tafi karatu. A gida aka yi ta murna. Matarsa ta ɗinka masa sababbin riguna, 'yan biyu suna tsokanarsa wai Abba zai koma ɗan makaranta, su za su riƙa duba masa aikin gida.

Malamin lissafin mutum ne mai ladabi da saurin fahimta. Amma Malam Bita ya lura duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar shiga aji sai malamin ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Ana gobe kwamiti zai zauna, malamin lissafin ya rufe ƙofar, ya durƙusa a tsakanin kujerun.

"Malam, don Allah ka rufa mini asiri. Sun ce na ɗan lokaci ne. Kai ma haka aka ce maka, ko?"

Yana durƙushen ya ci gaba:

"Matata tana da ciki. In na zauna a nan, na san ƙarshena. Ban ce ka fasa tafiya ba, ban isa ba. Ni dai ban san wanda zan gaya wa ba ne."

"Tashi," in ji Malam. "Kada wani ya shigo ya gan ka haka."

Washegari a gaban kwamiti, shugaba ya tambaye shi ko malamin zai iya.

"Zai iya, ranka ya daɗe. Amma ina roƙon a yanke masa wa'adi, a ce ga ranar da zai koma aji."

"Ba ma ɗaure kanmu da irin wannan," in ji shugaba. "In ka dawo, a duba."

Kowa a wurin ya san wanda ya dawo da digiri ba ya komawa ƙarƙashin bene. Dakta tana ta yi masa alama da ido ya yi shiru ya karɓa. Amma sai ya ce, "To a bar shi a ajinsa."

Matarsa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Da ta buɗe baki, cewa ta yi, "Shi ka ji tausayinsa. Mu fa?"  Shi kansa ba ya ɓoyewa, akwai ranakun da ya yi da-na-sani, musamman ranar da shi da kansa ya bi wa malamin lissafin takardun tafiya karatu. Tun da mutumin ya dawo, in ya hango Malam Bita a baranda sai ya sauya hanya. Malam ya ce kunya ce, bai riƙe shi da komai ba.

Bana zai yi ritaya. A bitar da aka yi wa masu shirin barin aiki, mai jawabi ta tambayi kowa abin da zai yi in ya sauka. Wani ya ce noma, wata ta ce shago. Malam Bita ya ce makaranta zai koma. Aka fashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Makon da ya wuce magatakarda ya kira shi. An nemi wanda zai gaje shi an rasa, wai ya daure ya ci gaba a kan kwantiragi. 'Yan biyu suna jami'a, idon matarsa ya fara gajiya da allura. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da iyali. Har yau bai kai amsa ba, ita ma matar bai gaya mata ba tukuna.