Ranar Da Aka Cire Wa Ƙanena Mari

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da aka cire wa ƙanena marin ƙarfe daga ƙafa a unguwar Makera ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana ta ginin masaƙa a Kakuri. Ƙanena ya dawo daga yaƙin Bama da shan wiwi, abin kullum sai gaba yake yi. Aka kore shi daga aikin jirgin ƙasa, matarsa ta koma gidansu. Na kai shi wurin masu rubutu, na kai shi wurin masu saiwa, har na gaji da jin "ƙara haƙuri". Daga ƙarshe ya shiga wani ɗaki da mai unguwa ya ware bayan ɗakin shan magani, inda ake ɗaure irinsa da mari, malamin asibiti yana leƙowa ya ba su maganin barci. Duk wanda aka sallama, ba a jimawa sai a dawo da shi.

Rannan mai unguwa ya tara mu, 'yan'uwan masu jinyar, ya ce kowa ya gaji, gara a tura su gidan mahaukata. Ba wanda ya musa. Sai wani tela, tsohon soja, wanda kowa ya san ya sha ya daina, ya matso daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na zauna a ɗakin nan," in ji shi. "Mari ƙafa kawai yake riƙewa. Abin da ke cin mutum shi ne ya yini ba abin yi, ba mai yi masa magana sai mai faɗa. Mu uku ne a unguwar nan muka daina. A bar mu mu riƙa zama da su, kuma a ji ta bakinmu kafin a yanke musu wani abu."

Wani dattijo ya ce, "Ɗan wiwi ne zai yi jinyar ɗan wiwi? Sai dai su haɗu su sha."

Malamin asibitin ya shafa fuska ya ce, "Baba, ni dabarata ta ƙare. A gwada tasu."

Mai unguwa ya yarda, aka kira maƙeri ya sare marin. Ƙanena bai ko tashi ba, ya zuba wa mikin ƙafarsa ido. Telan ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ɗauko zancen ruwan saman dajin Bama. Abin da ƙanena bai taɓa faɗa mini ba, na ji yana faɗa wa wannan mutum. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, je ka huta. Ka gaji."

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Su telan suka sa aka kawo aikin hannu, aka kuma daina dukan wanda ya koma sha, don kada ya ji tsoron dawowa da ƙafarsa. Duk da haka ƙanena ya koma ruwa, ya fito, ya sake komawa. Ɗaya daga cikin mutum ukun ma ya koma, aka yi ta yi mana dariya. Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya daina gaba ɗaya, kuma har ya rasu, shi ne mai zama da duk sabon da aka kawo.

Abin da na koya bayan duk wannan wahala shi ne, ƙauna kaɗai ba ta sanar da kai ciwon ɗan'uwanka. In za a shirya wa mutum magani, a fara tambayar wanda ya taɓa kwanciya da irin ciwonsa.