Ranar da Na Je Neman Aiki a Kalgo

Wata bakwai na yi a gidanmu a Gwandu bayan na gama makarantar koyon aikin jinya. Ga takardar shaida, ga lasisi, amma babu wurin aiki. Na zagaya ofisoshi da dama a Birnin Kebbi da fayil ɗina, ko'ina amsar guda ce: in ajiye, za a neme ni.

A unguwarmu kuwa ban rasa abin yi ba. Tun ranar da Inna ta shaida wa maƙwabta cewa ɗiyarta ta zama nas, zauren gidanmu ya koma ɗan asibiti. Ina da abin awon jini da na zo da shi daga makaranta, to kullum da hantsi sai tsofaffi su jeru a kan tabarma. Rabinsu lafiyarsu ƙalau, hira ce ta kawo su. Wata tsohuwa ma daga Dalijan ta jawo mini akuyarta wai ta daina cin dusa. Na ce mata ban karanci dabbobi ba, ta dube ni da mamaki ta ce to me aka koya mini shekara uku. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ana cikin haka Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kalgo, ta kira ni a waya. Tana sayar da waina a bakin ƙofar wani ɗan asibiti mai zaman kansa, don haka babu abin da ke faruwa a ciki da ba ta sani ba.

"Nas ɗinsu guda ta bi mijinta wani gari," in ji ta. "Ki taho gobe da safe. Kada ki tsaya shawara da kowa."

Na yini ina bitar littattafaina, ina haddace amsoshin tambayoyin da nake zaton za a yi mini. Washegari na goge doguwar rigata, na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na sami wata zuwa Kalgo. Wajen ƙarfe goma na isa. Goggo ta bar tandarta a hannun maƙwabciyarta, ta riƙo ni da hannunta mai maiƙo, ta kai ni har gaban babbar nas ɗin asibitin, wadda kowa ke kira Matiron. Gajeriyar mace ce mai furfura, ta yi ritaya daga aikin gwamnati, tabarau a rataye a wuyanta.

Ko fayil ɗina ba ta buɗe ba muka ji hayaniya a waje. Kabu-kabu ne ya sauke mutum biyu. Ɗayansu wani ƙaton masunci ne daga wajen Diggi, ya ɗaga hannunsa na dama sama, ƙugiya ta shige babban yatsansa ta nutse. Ɗayan kuma wansa ne. Likita sai da azahar yake zuwa, nas ɗin da ta rage kuma tana ɗakin haihuwa.

Matiron ta dube ni ta ce, "Ajiye fayil ɗin nan. Wanke hannunki, ga safar hannu can."

Muka zaunar da shi. Ciwon bai dame shi ba kamar allurar da ya ga na zuƙo, wadda za ta kashe zafin wurin.

"Hajiya, don Allah ku yanke da wuƙa," in ji shi, yana ja da baya har kujerar na ƙara. "Ni ban son allura."

Wansa ya tuntsire da dariya. "Ku gan shi nan, shi kaɗai yake fito da giwan ruwa daga gulbi."

Matiron kuwa ni take kallo. Zaman da na yi da tsofaffin unguwarmu ya koya mini cewa mutum in yana bayanin abin da ya sani, yakan manta da jikinsa. Na tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ya ce babu. Sai na ce, "Malam, ni fa na ji an ce tarwaɗar da ake kiwo a kududdufi ta fi ta gulbi daɗi."

Ya zaro ido. "Wa ya gaya miki? Wa ya faɗi wagga magana?"

Ya shiga yi mini bayani da zafi, yadda naman ta kiwo yake da laushi kamar auduga, yadda ta gulbi take riƙe miya. Yana tsakiyar zancen na yi masa allurar a gindin yatsa. Sai da na cire ya lura, ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Haba ɗiyata, yaudara kika yi mini."

Da wurin ya mutu, Matiron ta tura ƙugiyar gaba har bakinta ya ɓullo, ta datse shi da filaya, ta zare sauran ta baya. Ban taɓa ganin an yi haka ba sai a hoton littafi. Ni na wanke raunin na naɗe da bandeji. Na tambaye shi yaushe rabonsa da allurar rigakafin tetanas, ya ce bai ma san da ita ba. Wannan karon bai yarda da hira ba. Ya rufe ido, ya damƙe hannun wansa, yana ta salati har na gama.

Bayan sun tafi sai na zauna ina jiran tambayoyin da na haddace. Matiron ta sa tabarau, ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gyara mayafinki da safa a hannu," ta ce. "Sau biyu. Kada in sake gani."

"To, Mama. In sha Allahu."

"Kuma ba ki rubuta komai a katinsa ba. Abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba a wurina. Ɗauki biro."

Na rubuta, ta karanta, ta gyara mini kalma guda. Sannan ta rufe fayil ɗin ta ce, "Litinin, bakwai da rabi. Wata uku za ki yi ina duba aikinki, daga nan mu gani."

Kafin in buɗe baki in yi godiya, sai guɗa ta tashi daga bayan taga. Ashe Goggo tana laɓe a wurin tun ɗazu. Matiron ta leƙa ta ce mata nan asibiti ne, ba gidan biki ba, amma ita ma dariya take yi.

A gidan Goggo na zauna. Ranar Litinin na sa sabon farin yunifom, na isa tun bakwai. Ranar awon yara ce, mata sun cika baranda da goyo. Jariri na uku da na ɗauka zan ɗora a sikeli ya tsula mini fitsari tun daga ƙirji har gwiwa. Matan suka kwashe da dariya, uwarsa tana ta ba ni haƙuri, wata dattijuwa ta ce alheri ne, yaron ya karɓe ni. Matiron ta miƙo mini wata tsohuwar rigar aikinta, wadda da ƙyar ta wuce mini gwiwa. A cikinta na ƙarasa yinin, ina jan ta ƙasa duk lokacin da na sunkuya kan sikeli.