Sale Ya Zama Alƙalin Dara

Jama'a, yau Sale mai faci ya kira ni ɓarawo a gaban mutane! Ni, da furfurata!

Bayan La'asar muna dara a gindin tsamiya, inda muke ɗan manta tsadar taki. Na kusa cinye shi, sai ya sa ƙafa ya shafe gidajen. Wai na sace masa kara ɗaya! Ba yau ya fara ba, har mutane sun soma ƙaurace wa majalisar saboda shi.

Na miƙe zan yi kansa. Baba Ɗanjuma, dattijon wurin, ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Sale, tunda idonka ya fi namu, daga yau kai ne alƙali. Alƙali kuwa ba ya wasa."

Aka kwashe da dariya. Sale ya tsuguna a gefe.

Aka haɗa ni da Ado, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce yau na shiga uku. Can Ado ya faki idona ya ja kara gida biyu. Wallahi ban gani ba! Sai Sale ya damƙe hannunsa.

"Mayar! Ba a gabana ba."

Ado ya ce, "Yaya, ni ne fa!"

"Ko babanmu ne sai ya mayar!"

Kai, Baba Ɗanjuma ya san mutane! Da na cinye, na dubi tsabar idon Sale na ce, "Alƙali, wallahi ka burge ni. To yanke wa wanda ya kira ni ɓarawo hukunci, muna jira."