Mutumin da ya ci miyar lami saboda ni

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Alhaji Mamman Direba, mutumin Tsafe, maƙwabcina a Tudun Wadar Gusau. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don shi kansa ba mai son takarda ba ne. Yakan ce mu malaman boko ko ruwa za mu sha sai mun rubuta. To, yau dai sai ya yi haƙuri.

A tsakiyar shekarun saba'in ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, ban daɗe da haura talatin ba, ciwon zuciya ya kayar da ni. Ƙafafuna suka kumbura, in na taka daga aji zuwa ofis sai na tsaya ina haki. Na yi makonni a asibiti a Gusau. Da za a sallame ni likita ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni gishiri da kanwa, ya ce in huta.

Mutanen gida suka riƙe maganar hutun nan da ƙarfi, kuma don ƙauna suka yi. A unguwarmu a lokacin ciyayya ake yi: bayan magariba kowane magidanci ya fito da akushinsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. Ni kuwa tunda miyata daban ce, sai aka riƙa kai mini ita ɗaki. Masu dubiya su shigo da murya ƙasa-ƙasa, su ce sannu, su kalli ƙafata, su kalli juna. Daga kwance ina jiyo dariyar masu ciyayya, ni da su katanga ɗaya ce. Zan faɗi gaskiya, ba ciwon ne ya fi ci mini rai ba. Ji na yi an riga an yi zaman makokina ina raye. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, har na fara tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa, don ban ga abin da zan sha su in jira ba.

Mamman yana jan babbar mota ta hatsi, yakan yi kwanaki bai kwana gida ba. Da ya dawo ya shigo ɗakina, bai ce sannu ba.

"Malam, mi kaka yi nan ciki kamar amarya?" in ji shi.

Na ce likita ya hana ni cin abincin mutane.

"Gishiri ya hana ka, ba mutane ba. Tashi mu tai waje."

Ya ɗauki akushina da kansa. Da muka zauna a tabarma ya ture nasa gefe, ya sa hannu cikin nawa, ya kai loma ya ce ai wannan ita ce miya. Washegari akushin gidansa ya fito lami, ya hana matarsa sa gishiri. Sauran suka yi ta yi masa tsiya, ya ce su ne ba su san daɗi ba. Daga ranar, duk sanda yake gari, da ni yake ci.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in raka shi masallaci, bayan mako biyu ya ce bakin titi, daga baya har tasha. In na tsaya haki sai ya tsaya yana gaisawa da wani, don kada in ji kunya. Yana kawo mini rigingimun direbobi wai in raba, alhali ya fi ni sanin mai gaskiya. Ban san ranar da na koma shan magani ba. Kafin shekara ta zagayo na koma aji.

Yanzu likitoci suna faɗa a fili cewa damuwa da kaɗaici suna ƙara wa mai ciwon zuciya nauyi, kuma warkewa tana son tattaki da abokin hira tare da magani. Da Mamman zai ji, cewa zai yi sai yanzu suka sani? Amma ina jin zai ɓata rai in ya ga unguwarmu. Ciyayya ta mutu, kowa ya ja ƙofarsa, dubiya ta koma saƙon waya. Shi kuwa ya yarda cewa zumunta a ƙafa take, ni kuma na shaida har a akushi take.

Da ya kwanta ciwon ajali na ɗauki abincina na je. Ya dubi miyar, ya yi murmushi da ƙyar.

"Malam, yau in hwaɗa maka gaskiya. Wallahi miyar ga ba ta da daɗi. Ban taɓa son ta ba."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba na dariya ba ne duka. Kusan shekara talatin yana haɗiyar ta yana yabo.

An daɗe da sayar da motarsa, gidan ma ya koma hannun wasu. In ana lissafin abin da Mamman ya bari a duniya, a sa ni a ciki, ni da 'ya'ya biyar da na haifa bayan na tashi daga wannan katifa. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi abin da ya fi daɗi.