Ranar da Sistoci Suka Bar Makarantarmu

A makarantar kwana ta sistocin Katolika na yi sakandare, a wani gari na Filato. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, inda aiki ya kai shi nan muke karatu. Mu Musulmi ba mu da yawa. An ware mana ɗaki na sallah, kuma babu wadda ta taɓa ce mana mu shiga coci.

Ƙungiyar sistocin don jinyar marasa galihu aka kafa ta, kuma komai na makarantar daga nan ya samo asali. Shugabar ɗalibai ita ke fara wanke bayi. Kowace Asabar mukan tafi asibitin gari bibbiyu, mu yanke wa tsofaffi farce, mu wanke musu kwanuka. Sista shugaba takan bi mu gado-gado tana cewa, "Ki fara tambayar sunansa kafin ki taɓa shi." A can na fara son aikin likita.

Yanzu ina aiki a wani asibiti a Madina, muna zaune a unguwar Ƙurban. Bara, gab da Hajji, wata ƙawata da muka yi aji ɗaya ta kira ni da la'asar. Ta ce sistoci sun ragu, ba a samun masu shiga, za su miƙa makarantar ga wasu. An sa ranar bankwana, kuma Sista, wadda ta tsufa ƙwarai, ta tambaye ni.

Na nemi ijaza, wato hutu. Shugaban sashenmu ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce a lokacin alhazai babu mai motsawa. Na san gaskiyarsa ce.

Ranar taron ƙawata ta haɗa mu ta bidiyo. Sista na kan keken guragu, kunnenta ya yi nauyi.

"'Yata, kina riƙe da sallarki?"

"Ina riƙe da ita, Sista."

"Aka ce garin Annabinku kike. Ki roƙa wa makarantar nan a can."

Na ce to. Ina so in tambaye ta lafiyar ƙafarta, in ce mata na gode, sai layin ya tsinke. Na sake kira sau uku, hayaniyar taro ta hana ƙawata ji.

'Yata ta biyu ta same ni a kicin ina hawaye. Na yi mata bayani da Hausa, ta amsa da Larabci, kamar kullum, cewa ba ta gane yadda zan yi kuka don makarantar Kirista ba. Na fara ba ta labarin Asabar, na ga ba ya shiga, na bari.

Washegari bayan aiki na hau bas zuwa Harami. Na ɗaga hannu na rasa me zan roƙa, tunda an riga an sa hannu a takardu. Na roƙa wa Sista sauƙi, na roƙa wa yaran makarantar alheri.

Bayan wata biyu ƙawata ta gaya mini sababbin masu makarantar sun soke zuwa asibiti, sun mayar da Asabar ranar darasin jarrabawa. Na rubuta musu doguwar wasiƙa. Suka amsa da layi biyu, suna godiya da kulawata. Sista kuma an mayar da ita gidan tsofaffinsu a kudu, har yau ban samu lambar wurin ba.