Jar Kuɓewar Inna

Abin da ya zo hannuna bayan rasuwar Inna, ban da tufafi da tasoshi, shi ne wata kwalba cike da toka, a cikin tokar kuma akwai irin kuɓewa. Da shi ta zo Bauchi daga ƙauyensu na bayan Ningi, kuma duk damina sai ta shuka shi a lungun bayan madafa, a gidanmu na Ƙofar Wambai.

Ba irin kuɓewar kasuwa ba ce. Ja ce, doguwa, mai ƙaiƙayi. Takan fi mutum tsawo, kuma ba ta haihuwa sai damina ta yi nisa. Amma 'ya'ya kaɗan sun isa tukunyar miya, ko an busar an daka yauƙinta ba ya mutuwa. Matsalar ita ce irin kuɓewa ba ya jure doguwar ajiya. In ya daɗe ba a shuka ba, sai ya ƙi tsira. Dole mai riƙe da shi ya shuka duk shekara, ya bar wasu 'ya'yan su ƙosa su bushe a jikin uwar, ya fasa ya adana.

Da muka yi gini a Gwallameji, na roƙi maigidana kada a zuba siminti a bayan gida. A lokacin unguwar fili ce, daga tsakar gida ana hango duwatsu. Na shuka alayyahu da yakuwa da attaruhu, na sa na'a-na'a da ɗoɗɗoya a bakin rijiya, kuɓewar kuma na ba ta inda rana ta fi daɗewa. Shekarun farko har rabawa nake yi.

Sai aka sayar da filin da ke gabas da mu, aka tayar da bene na ɗakunan hayar ɗalibai. Hantsi ya daina shigowa. Ba a daɗe ba wani benen ya tashi ta yamma. Rana ta koma leƙo mu da tsaka, kafin a idar da azahar ta wuce. Na'a-na'a ba ta damu ba. Attaruhu ya fara zubar da fure. Kuɓewa kuwa ta yi ta miƙewa siririya tana neman haske, fure ya buɗe da safe ya faɗi da yamma, ba ɗa.

Na mayar da ita cikin bokitai, na jera a gaban gida inda ake ajiye mota. Zafin daɓe ya dafa saiwar. Maigidana ya dube ni ina jan bokiti daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ce, "Ke da kuɓewar nan, sai ka ce an daina sayarwa a kasuwar Muda Lawal."

Na aika ƙauyen su Inna a nemo mini sabon iri. Ɗan ƙanwarta ya yi dariya a waya. "Yaya, wa zai zauna jiran kuɓewa har kaka? Kowa na leda yake shukawa, mai saurin haihuwa. Waccan tun mutuwar tsofaffi ban sake ganinta ba."

A nan na san abin da ke hannuna shi ne ragowar.

Akwai maƙwabciyata, dattijuwa 'yar Bogoro, wadda ke da 'yar gona a hanyar Dass. In ta taso daga coci ranar Lahadi takan biyo mu gaisa, ta tsinki ɗoɗɗoya. Na juye mata kusan duka irin a gefen zani, na yi mata bayani.

"Hajiya, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Ni da na raini 'ya'ya har suka yi gemu, kuɓewa ce za ta gagare ni?"

Ba ta gagare ta ba. Shekarar farko ta kawo mini cike da kwando, ja, dogaye, ƙaiƙayinsu har wuyan hannu. Ɗan abin da na rage na shuka a gida bai ba ni ko ɗa ɗaya ba, amma ban damu ba.

Abin da ban tambaya ba shi ne me ke kusa da ita a gonar. Kunya ɗaya ce tsakaninta da gajeriyar kuɓewar leda, ƙudan zuma kuma ba su san iyaka ba, daga wannan fure sai wancan, har irin ya gauraye. Da aka sake shukawa, wasu suka fito da saurin haihuwa. Maƙwabciyata ta yi abin da kowane manomi mai hankali zai yi: waɗanda suka riga haihuwa ta ɗaura wa tsumma, ta bar su iri. Masu nawar, waɗanda su ne na Inna na ainihi, aka tsinke aka yi miya.

Bana ta shigo da kwandonta tana murna. "Kin gani? Na gyara miki ita. Yanzu ba ta ɓata wa mutum lokaci."

Gajeru ne, masu kauri, da ɗan ja-ja a baki kamar an goga musu lalle. Na yi godiya, don ta yi wahala, kuma ba ta yi da mugun nufi ba. Na tambaya ko akwai sauran tsohon iri a ɗakinta. Ta ce ai ta shuke tun bara.

Na goga su na kaɗa miya. Kafin a kwashe tuwo yauƙin ya tsinke. Yara suka ci, har da neman ƙari. Babbar 'yata ta lura ban ci sosai ba, ta ce, "Umma, ni fa na manta, wai yaya ɗanɗanon ta Kaka yake ne?"

Na buɗe baki zan gaya mata. Na ce ta fi yauƙi, ta fi ƙamshi. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cin tuwonta. Duk mai tallar kuɓewa haka yake cewa game da tasa, ni kuma ba ni da abin da zan ɗora mata a harshe.