Mai Kwalekwalen Kaka Rifkatu

A bayan cocin Lutheran na wani ƙauye kusa da Kwali muka tashi, a gidan kakana fasto. Matarsa, Kaka Rifkatu, ita ke koyar da 'yan aji ɗaya, shi ya sa har dattawan garin Malama suke ce mata. Daga bakin kogin Binuwai aka kawo su aiki tun tana amarya, ba ta sake komawa da zama ba.

In an ci tuwo, sai ta tura doya cikin garwashin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta kullum da ƙurar alli. Tatsuniya ɗaya ce ta fi maimaita mana.

Wai an yi wata mata mai kwalekwale a wani gari da yunwa ta kama. Mutane suka ji akwai abinci a ƙetare, suka roƙe ta ta haye da su. Ta yi ta jigila, yara, tsofaffi, har da awaki. Da ta sauke na ƙarshe, sai ta koma ɗauko tukunyarta. Tana isa gaɓa kwalekwalen ya tsage. Ta zauna ita kaɗai, kullum da yamma tana hango hayaƙin girkinsu.

Ni ce mai gardama. Nakan ce, "Kaka, ba wanda ya dawo ya ɗauke ta?"

"Da me za su dawo, Saratu? Ita ce mai jirgin."

"To daga nan sai me?"

"Sai ta ci gaba da zama. Ciro doyar nan kafin ta ƙone."

Haushi nake ji, don sauran tatsuniyoyi ana gamawa da biki ko a kama mugu.

Kakana ya rasu ina makarantar sakandare. Aka turo sabon fasto, dole ta bar gidan da ta share shekaru tana sharewa. Ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyata ce ta ƙarshe. Matan zumuntar coci da suke waƙa tare duk suka rasu. Da idonta ya mutu, na ɗauko ta zuwa ɗakina a Gwagwalada. Takan tambaye ni labarin wani ɗalibinta, in ce yana lafiya, alhali mun je jana'izarsa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kan komawa ɗaukar tukunya. Yanzu ban san ko akwai darasi a cikinta ba. Ina ganin ta faɗa mana yadda abu yake ne kawai.

Wata Lahadi wani matashin fasto ya kawo mata jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci. Ya durƙusa ya fara addu'a da ƙarfi, yana roƙon Allah ya ƙara wa Mama tsawon rai. Sai ta laluba ta kama hannunsa.

"Ɗana, tsaya. Kada ka roƙa mini wannan. Ya isa."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ƙarasa da amin a hankali ya fita.

Bayan ranar ta ƙara ganin damina biyu. Ba ta sake kiran sunan kowa ba, har nawa.